Barewa Mai Idon Kwalba

A Sabon Garin Maraɗi mutane suna ce mini mai ta da mushe, kuma na daɗe da daina gardama a kai. Ni baduku ne ɗan baduku. Tumtum da kube da gafaka da ɗinkin laya su na gada, su ne kuma suka riƙe gidana shekara da shekaru. Amma akwai wani aiki da na ƙara a kansu, wanda ubana bai san shi ba, Hausa ma ba ta raɗa masa suna ba. A kawo mini dabba matacciya, in feɗe ta a tsanake, in jeme fatar da gashinta, in gina mata sabon jiki da waya da icce da audugar rimi, in mayar mata da rigarta, in sa mata ido, in tsayar da ita a kan ƙafafunta kamar ba ta taɓa haɗuwa da wuƙa ba. Wani tsoho da ya yi wa Turawa aiki a Yamai ne ya nuna mini farkon hanya, sauran na tsinta a cikin wayar salula da kuma ɓarnar fatu. Zomaye nawa na wulaƙanta kafin in tsayar da guda ɗaya wanda karen maƙwabcina ya yi wa haushi, Allah kaɗai ya sani. Ranar da karen nan ya yi haushi, kwana uku na yi ina yawo a kasuwa ina jin kaina wani ne.

Ina faɗin wannan ne don a san irin mutumin da ke ba da labarin. Ina da girman kai a kan aikin hannuna, har yau ban rabu da shi ba, kuma shi ya kai ni inda ya kai ni.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mahalbi ne a wani ƙauye da ke bayan Tibiri. Yana salla, yana kuma zuba wa gindin tsamiyar gidansu abin da kakanninsa suka saba zubawa, bai taɓa ganin ɗayan ya tsare wa ɗayan hanya ba. 'Ya'ya mata huɗu Allah ya ba shi, namijin guda ya koma tun yana goye, saboda haka ni ya riƙe a matsayin ɗa. A wurinsa na yi yawancin hutun lekol, wato makarantar boko. A lokacin fadamar gulbi ba ta zama gona duka ba, akwai sauran zomo da zabon daji da gada. Barewa ma sau biyu na gan ta da idona, daga nesa, kafin ta ƙaurace wa ƙasarmu.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya ɗaga ko ɗaya. Ba ya halbi da damina. Ba ya halbin mai ciki ko mai shayarwa. Ba ya laɓewa a bakin ruwa, ya ce wanda ƙishirwa ta kawo baƙon Allah ne. Dabbar da ta san mutum kuwa, wadda za ta tsaya ta kalle ka ba ta gudu ba, ya ce wannan ta mahauci ce, mahalbi ba shi da rabo a cikinta. Sannan akwai abin da ya fi duka zama a raina. Duk abin da ya kayar, ko da zomo ne, bayan ya yanka sai ya durƙusa ya sa babban yatsansa ya rufe masa ido, ya riƙe fatar idon har sai ta kwanta. Idan ta ƙi, ya ɗora ganye. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Ta ga wanda ya kashe ta, ya isa," ya ce. "Ba a barin ta ta ga wanda za ya ci ta."

Wata shekara, bayan na yi aure har na fara tara iyali, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, muka ɗauka tafiya ce. Ya sa aka kira ni. A gaban 'ya'yansa mata ya kama babban yatsana ya ce, "Ran da anka zo ɗaukata, wanga yatsa za ya ruhe min ido. Kun dai jiya." Ya warke, ya ƙara shekaru masu yawa, amma maganar ta zauna, duk ƙauyen sun san ta. Babbar 'yarsa, taubashiyata, wadda ba ta taɓa bari na sha ruwa a gidan ba tare da ta tsokane ni ba, takan ce in dinga wanke yatsan da sabulu tun yanzu, kada in shafa wa ubanta warin jima. Ba a taɓa ba ni wani abu da ya kai wannan maganar girma ba, kuma na san haka tun a lokacin.

Aikin ta da mushe bai taɓa burge shi ba. Da na kai masa zomon nan ina baki har kunne, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Bawan Allah ya gama wahalarshi, kai kuma ka hana mishi kwanciya." Amma bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai, in tabbata duk abin da zan tsayar ta hanya ya mutu.

Sai ga Alhaji. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma don ina jin nauyinsa ba. Ɗan kasuwar esansi ne, wato man fetur, da atamfa, irin waɗanda Maraɗi ke haifarwa duk bayan 'yan shekaru, mutum ya fara da sayar da mai a kwalba a bakin hanya ya wayi gari da tankoki. Wannan ban raina ba, nema ne. Abin da na raina shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin da daga ƙofar gidansa zuwa masallacin da shi ya gina sai an tayar masa da mota, ya je wata ƙasa ya sauka a gidan abokin cinikinsa, ya ga kawunan namun daji jere a bango, ya dawo mana mahalbi. Ya sayo bindiga mai madubi, da wando mai aljihu takwas, da takalmin soja, da wata hula mai faɗi kamar faifai. A watansa na farko kurciyoyin unguwa suka ji a jikinsu, su da tankin ruwan maƙwabcinsa.

Da a nan ya tsaya, da babu wanda ya damu. Amma Alhaji ya riga ya mallaki duk wani kirari da ake saye a garin nan, saura guda. Yana so mahalban wajen Tibiri su sa masa rigarsu, baƙar rigar nan mai layu, makaɗinsu ya kira shi a cikin taro. Rigar kuwa tana da sharaɗi. Sai mutum ya kawo abin da ya kashe, babban mahalba ya ɗora hannu a kai ya ce, "Na daji ne." Babban mahalba a lokacin Kawu ne, kuma a tsawon rayuwarsa hannun nan bai taɓa sauka a kan ƙarya ba.

A al'ada da ɗumin nama ake zuwa, a kafaɗa. Alhaji ya ce shi farautarsa a can arewa take, tafiyar kwana da kwanaki, nama ba zai iso ba. Zai kawo dabbar a tsaye, a gyare, kowa ya gani. Sauran mahalban, waɗanda ya riga ya raba wa takalma da tocila da buhunan shinkafa, suka ce ai wannan ma ya fi. Mutanen da ke cika baki sun kwana da kura a rami ɗaya, shinkafa ta sa suka manta al'adar ubanninsu kafin ya rufe baki. Kawu ya ce a kawo, zai duba. A lokacin yanar ido ta kama shi, mutum sai ya yi magana yake gane shi, kuma Alhaji ya san da haka.

Wata safiya da rani direbansa ya tsaya a ƙofar shagona ya ce in ɗauko wuƙaƙena da gishiri, Alhaji na kira. Na ɗauka arewa za mu, sai na ga mun nufi Jiratawa. Muka shiga wata garka tasa, zogale ya yi kore shar, albasa a jere, ruwa na gudu a magudana. A ƙarƙashin wani mangwaro na gan ta, ɗaure da shuɗiyar igiyar roba. Barewa ce cikakkiya, mace, jar ƙasa a baya, fara fat a ciki, da siririn baƙin layi a haƙarƙari. Tana cin ganyen kabeji a cikin tasa. Mai gadin garkar, wani dattijo siriri, shi ya raine ta tun tana jaririya da nonon akuya a kwalba, bayan Alhaji ya saye ta a hannun wasu fatake. Shekara uku tana wurin.

Alhaji ya fito daga wata mota cikin wando mai aljihu takwas. Da barewar ta gan shi sai ta taho da gudunta har inda igiya ta ƙare, ta tura hanci cikin aljihunsa, don ya saba kawo mata dabino. Ya ture ta, ta dawo. Sai da ya ja da baya taki goma kafin ya sami wurin ɗaga bindiga, ita kuwa tana tsaye tana kallonsa, kunnuwa a miƙe, tana jiran dabino. Halbin farko bokitin ban ruwa ya samu. Taki goma, da madubi! Ta zabura, igiya ta fizgo ta, ta faɗi, ta tashi, ta ruga ta laɓe a bayan mai gadi. Sai da Alhaji ya daka masa tsawa ya kauce. Na biyu ya same ta a kafaɗa. Dattijon ne ya yanka ta, fuskarsa na kallon wani wuri.

Daga nan aka kwance igiya, aka ɗauke ta zuwa wani fako a bayan garkar inda babu ɗanyen ganye. Alhaji ya shafa ƙura a wandonsa, ya ɗora ƙafa a kanta, ya rungume bindiga, ya sha mur. Direba na ɗaukar hoto, shi kuma yana ce masa, "Ka kula kada mangwaro ya hito."

Idonta a buɗe yake duk wannan lokaci. Na gani. Babban yatsana har ƙaiƙayi ya yi. Na durƙusa a gabanta kamar yadda Kawu ke yi, sai dai abin da na ciro zare ne. Na auna faɗin idon da tsawonsa, na ƙulla, don in san girman ƙwayar da zan sayo.

"Ka san wa za ya duba ta," in ji Alhaji a kaina.

"Na sani, Alhaji."

"An ce idon nashi ya tahi."

"Ya yi rauni dai."

"To, ka gyara min wuyan nan. Kai ɗanshi ne, kai ka san inda za ya duba."

Wuyan kuwa igiyar shekara uku ta cinye gashinsa, ta bar zobe fari, wanda duk mai ido ya gani ya san dabbar turke ce. A nan ne ya kamata in naɗe wuƙaƙena in tari kabukabu, babur ɗin haya, in koma gida. Na san abin da ake so da ni, na san a kan wa za a yi shi, na kuma san abin da zan rasa in ya gane. Mutane za su ce kuɗi ne. Da ma kuɗin ne, da na sami abin fakewa. Gaskiyar ita ce tunda na fara wannan aiki ban taɓa samun barewa sukutum ba, da ɗuminta, fatarta ba ƙwarzane, kuma na san ba zan ƙara samu ba. Na dubi bayanta yana sheƙi a rana, na ji hannuna ya riga bakina amsawa.

A gindin mangwaron na feɗe ta. Dattijon ya kawo mini ruwa, ya je ya wanke tasar kabejin ya kife ta, ya naɗe igiyar ya rataye a reshe. Alhaji ya ce a cire wa dattijon cinya, shi kuwa ya ce a bari, haƙoransa na ciwo.

Sati shida na yi a kanta, na rufe ƙofar baya na hana kowa shiga. Masu ce mini mai ta da mushe, da sun ga waɗannan makonni da sun kama bakinsu. Fatar fuska kaɗai yini biyu ta ci mini, don leɓe da fatar ido ba su fi ɓawon albasa kauri ba, wuƙa ta zame kaɗan an gama. Na jeme da gishiri da alif, ban sa bagaruwa ba don kada ta rine gashin. Na sassaƙa ƙirji da cinyoyi da icce mara nauyi, na naɗa rimi, na ɗaure da zare, na kwance, na sake. Barewar ta yi ƙiba irin ta dabbar gida, sai na rage mata ciki, na fito da haƙarƙari kaɗan, na ba ta jikin wadda ta saba neman abincinta da ƙafa. Ramin harsashi na toshe shi da guntun fata daga hammata. Wuyan ne ya ba ni wahala. Na yanke zoben nan gaba ɗaya, na ja fatar sama da ta ƙasa na haɗa su da ɗinkin da ubana ya koya mini na gafakar malamai, wanda zare ba ya fitowa. Sannan na tsinko gashi daga cikin cinya na dasa a kan ɗinkin da tsinke da gam, ɗaya bayan ɗaya, na juya kanta hagu kaɗan yadda ninkin wuya zai kwanta a wurin. Ido kuwa wani ɗan kasuwa na sa ya sayo mini daga waje, na kwalba, baƙi mai ruwa-ruwa, in ka kalle shi sai ka ga kanka a ciki.

Ina aiki ina ba kaina hujja, kuma hujjojin sun yi ta zuwa ba tare da na kira su ba. Ai ta riga ta mutu. Ai ba ni na halbe ta ba. In ban yi ba wani zai yi, ya ɓata fatar a banza. Daji ma ya ƙare, rigar mahalba ta zama kayan biki, wa aka cuta? Duk da na san amsar tambayar ƙarshen, sai in ƙara matsawa kusa da taga in ci gaba da dasa gashi.

Na tsayar da ita yadda na ga barewar farko ina yaro, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, kunnuwa gaba, ta ji motsi tana shawarar gudu. Har yau ban sake yin aiki kamarsa ba. Ƙarya ce daga ƙaho har wutsiya, amma ƙarya ce da aka yi da gwaninta, kuma ina jin haushin kaina saboda har yanzu in na tuna tsayuwar nan sai na ji daɗi.

Saura kofato. Na gan su dogaye, sirara, bakinsu ya ɗan lanƙwasa sama, na ce kai, Allah ya yi halitta. Na goge su, na shafa musu baƙin man takalmi, na bi da tsumma har suna ɗaukar ido. Fata takan zo wa baduku ba kai ba ƙafa. Abin da na saba tsayarwa kuwa zomo ne da zabo da shaho da damo, babu mai kofato a cikinsu. Duk rayuwata ina juya fatu, na san bayan dabba da cikinta kamar yunwar cikina, amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ƙasa ke yi wa kofato ba.

A cikin makonnin nan ban taka Tibiri ba. Taubashiyata ta shigo kasuwa wata rana ta leƙo shagon, ta ce, "Mai mushe, tsoho na cigiyarka. Ko yatsan ne ya kumbura?" Na yi dariya na ce aiki ne ya yi yawa. Na tsaya na tare ƙofar baya da jikina har ta tafi.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, aka taru a salon Alhaji, wato falonsa. Na'urar sanyi ta mai da ɗakin kamar cikin randa. Mahalba sun fi goma cikin baƙaƙen riguna, sun ɗosana a bakin kujerun fata suna ɓoye faso a ƙarƙashin tebur. An ajiye barewar a tsakiya, an lulluɓe ta da sabuwar atamfa. Alhaji ya fara ba da labari. Kwana uku a arewa, ruwa ya ƙare, direba ya ce a koma shi ya ce sam. Ya hango ta da hantsi a bayan wani tudu, sai ya kwanta ya yi jan ciki. Jan ciki! Da wannan tumbin da in ya zauna sai ya buɗe ƙafa ya ba shi wuri. Mahalban nan, waɗanda kowannensu ya san jan ciki a kan ƙaya, suna gyaɗa kai suna cewa, "Namiji! Sai kai!" Ina ta auna wanda na fi rainawa a ɗakin, mai ƙaryar ko masu amshi, sai na tuna wanda ya ɗinke wuyan.

Aka janye atamfa. Wani daga cikinsu har ya kai hannu ga wuƙarsa kafin ya tuna inda yake, makaɗi ya yi salati. Na ji kaina ya kumbura.

Sannan aka shigo da Kawu, taubashiyata na riƙe da bakin sandarsa. Ya bar takalmansa a waje. Bai zauna ba, bai karɓi lemon da aka miƙa masa ba, ya ce a kai shi wurinta. Ni duk aikina don ido na yi shi, idon mutanen ɗakin da ɗan abin da ya rage na nasa. Na manta tunda ido ya gaza, Kawu da hannu yake duba komai, har fuskar jikokinsa.

Ya durƙusa, ya laluba fuskarta, ya yi abin da yake yi wa duk dabbar da ya taɓa tun kafin a haife ni. Ya sa babban yatsa a kan idonta ya ja ƙasa. Fatar ba ta motsa ba, na kafe ta da gam. Ya sake ja. Farcensa ya bugi kwalba, ƙas, kowa ya ji.

"Wa ya sa mata wanga?"

"Ni ne, Kawu."

Hannunsa ya bi ƙaho, ya bi kunne, ya sauko wuya. Ya wuce ta kan ɗinkin bai tsaya ba, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji, daɗin na rinjayi hannun Kawu. Ya bi kafaɗa, ya bi ƙafar da ke ɗage har ƙarshenta, ya kama kofaton. A nan ya tsaya. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya shinshina hannunsa. Ya matsa ya taɓa na biyu, da na uku, da na huɗu, tsoho da shekarunsa yana rarrafe a kan daɓen salon Alhaji.

"Wagga ba ta taɓa taka daji ba," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Dabbar daji ƙasa na cin kofatonta, gajere za ka iske shi, da kaushi. Wagga cikin laka ta girma, wuri guda. Akuyar da ba a saki, haka nata ke yi."

Alhaji ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Baba, ido ya tsufa. Ka tambayi 'yan'uwanka, sun gani."

"Sun gani," in ji Kawu. "Su ma sun san kofato."

Babu wanda ya ɗaga kai a cikinsu. Ashe duk sun gane tun da aka janye atamfa, ni kaɗai ne jakin da bai sani ba.

Kawu ya mayar da hannu wuyan, wannan karon a hankali, yana tura gashin baya da farce. Ya sami ɗinkin, ya bi shi har ya zagayo.

"Nan igiya take. An ɓoye ta da kyau. Ɗinkin gidan mijin ƙanwata ne." Ya juyo da fuskarsa inda ya ji muryata. "Kana wurin da anka kashe ta?"

"Ina wurin."

"Ta gudu?"

"Ba ta gudu ba."

"Ka ruhe mata ido?"

Na kalli babban yatsana. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, na'urar sanyi kaɗai ake ji. Sannan ya warware ɗan rawanin da ke wuyansa, ya yage gefensa da haƙori, ya ɗaure wa barewar a fuska, ya ƙulla a bayan ƙaho. Ya dafa 'yarsa ya miƙe. Ya ce wa Alhaji, "Yanka ka yi, a ci lahiya. Halbi kam ba ka yi ba." Alhaji ya ce a kai shi gida a mota, ya ce a'a. A bakin titi 'yarsa ta tsayar musu da kabukabu biyu.

Kada wani ya ɗauka gaskiya ta yi aiki. Sati biyu bayan haka mai bi wa Kawu a shekaru ya ɗora hannu a kan barewar nan ya ce ta daji ce, aka sa wa Alhaji riga, sai da aka ƙara mata ƙyalle a gefe kafin ta shige shi. Makaɗi ya kira shi mai kwana a ƙaya. Tsumman fuskar tun a ranar aka cire shi. Mahalban suka daina zuwa gaida Kawu, wai tsufa ya sa shi rigima. Ni kuwa kasuwa ta buɗe mini, duk wani mai tumbi a Maraɗi yana son dabba a salonsa. Yanzu kafin in fara komai kofato nake dubawa, in datse, in goga da dutse. Abin da na koya daga wannan rana ke nan, in ana so a san darajata.

Na je Tibiri bayan kwana uku da maganganun da na shirya a hanya. Ya amsa gaisuwata duka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini fura. Da na fara, "Kawu, game da rannan," sai ya tambaye ni ko an fara ruwa a gari. Haka muka yi damina biyu. Ina zuwa, yana karɓa ta, bai taɓa tayar da maganar ba, bai taɓa canza mini fuska ba. Taubashiyata ce kawai ta daina tsokanata, ta koma gaishe ni kamar baƙo, na ce fushi ne, zai wuce. Na shawo kan kaina cewa tsohon ya yafe. Har maganar sabulun nan nakan tuna in yi murmushi.

Da jikinsa ya yi tsanani, bayan girbi, aka aiko mini da safe. Na rufe shago na hau kabukabu, na isa da hantsi, na same shi da sauran numfashi. Na zauna daidai kansa, wurin da kowa ya san nawa ne, babu wanda ya ce in matsa. 'Ya'yansa na gefe, liman na karanta abin da ake karantawa. Kafin azahar numfashin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, ya tsaya. Idanunsa a buɗe, sun yi fari, suna kallon rufin ɗaki. Na goge babban yatsana a riga, na miƙa hannu.

Taubashiyata ta kama wuyan hannuna. Ba ta fizge ba, riƙewa kawai ta yi.

"Ya bar sallahu," ta ce. "Ya ce ba kai ba."

"Ni ya ce, a gabanku. Kin manta?"

"Ban mance ba. Ya sake magana, tun ran da munka komo daga Maraɗi. Ya ce a bar ka ka zo, a ba ka hura, a bar ka ka zamna nan. Amma hannunka buɗewa ya iya."

Ta sake ni. Ta durƙusa ta sa nata yatsan, ta ja fatar idon ubanta ƙasa, ta riƙe har ta kwanta, ta koma ɗayan. Ta iya, ashe ita ma tana kallo duk shekarun nan. Hannuna na nan a sama inda ta bar shi, ban san inda zan kai shi ba. Daga baya na tura shi cikin aljihu, na fita waje na zauna a tabarmar baƙi.